Yafiya Kafin Faɗan Teku

Mahaifina bai taɓa zama nahuda ba, wato shugaban jirgi, amma duk wanda ya shigo gidanmu na Ammariyya ya ji yadda yake ba da umarni sai ya rantse shi ya gina tashar Jidda. A zamanin ƙuruciyarsa jan igiya yake yi a cikin sambuki, jirgin katako mai tafiya da iska, irin wanda ake ba wa bindigogi ya raka jiragen alhazai da na hatsi tsakanin Sawakin da Jidda saboda 'yan fashin teku. Lokacin da abin da zan faɗa ya faru ya riga ya tsufa, yanar ido ta rufe masa ido ɗaya tana neman ɗayan. Ni kuwa ina da aure da 'ya'ya, muna zaune tare da shi tun rasuwar mahaifiyata. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

A ɗakin da ke kusa da ƙofa akwai Baffa. Ba su haɗa uwa ko uba da mahaifina ba, jirgi suka haɗa. Da ƙafa iyayensa suka taso da shi daga ƙasar Hausa yana goye, suka rasu a hanya, 'yan jirgi suka raine shi. Bai yi aure ba, bai tara komai ba sai allurar ɗinkin tamfol da baƙar magana. Ni ce abokiyar faɗansa. In na kawo shayi ya ce ruwan wanki ne, in na ƙara ganye ya ce ina so in hana shi barci in gaji tabarmarsa. Ina ramawa kuwa, ban taɓa bari ta kwana ba.

Baffa ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Shekarun da mutane ke layi suna yin takardun zama, shi yana teku, da ya sauka kuma ya ce ruwa bai taɓa tambayarsa takarda ba, ƙasa ma ba za ta tambaya ba. Mahaifina ya samu tasa ta hannun maigidana, wanda ke aiki a wani sito a tashar jiragen ruwa. Aka yi ta fama da Baffa har lokacin da abin ke da sauƙi ya wuce. Da ya yarda kuma, babu kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya wa baƙo, da zai ɗauki tsoho mai rawar hannu.

Bayan wani aikin Hajji aka tsananta bincike. Askarawa suna bin unguwanni, wanda ba shi da takarda a sa shi a mota, daga nan sai jirgi. Aka ɗauki mai wankin da ke bayanmu, aka ɗauki wata tsohuwa mai sayar da turare. Maigidana ya dawo wata rana da la'asar fuskarsa ba daɗi, ya ce kafilinsa ya tara su ya yi musu kashedi: duk wanda aka samu marar takarda a gidansa, ya cire hannunsa daga kansa. Ma'anar wannan ita ce mu duka, har yaran da ba su san wata ƙasa ba sai Jidda. Ya faɗa a hankali a tsakar gida, amma gidanmu ba shi da faɗin da magana za ta ɓace a cikinsa.

Mahaifina ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Halas, magana ta ƙare. Ba inda Baffa zai je. Mun tsere wa zaruƙi biyu a rana ɗaya, ni da shi, sai motar askarawa?"

Zaruƙi shi ne siririn jirgin 'yan fashi, wanda ya fi sambuki gudu. Labarin zaruƙan nan biyu kuwa na ji shi har na iya ba da shi da kaina, sai dai ban taɓa jin sun ba da shi iri ɗaya ba. Abin da suka yarda da shi su biyun shi ne an hango su tun hantsi, kuma nahudansu bai yi gaggawar harbi ba. A faɗan jiragen iska, in ji mahaifina, wanda ya tsaya ta inda iska ke fitowa shi ke da zaɓi, in ya so ya afka, in ya so ya janye, na ƙasa kuwa sai abin da aka yi da shi. Don haka rabin yinin ya tafi a kokawar neman saman iska, ana juya shira'i, babban ƙyallen nan da iska ke turawa, hannuwa suna zubar da jini a kan igiya tun ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Da suka ga ba za su samu ba, sai nahuda ya ja 'yan fashin zuwa wajen duwatsun murjani da ke kwance a ƙarƙashin ruwa, ya yi ta jan lokaci har rana ta karkata ta koma idon masu bin su. Wanda rana ke bayansa yana ganin duwatsun ta launin ruwa, wanda take gabansa ba ya ganin komai sai walƙiya. Zaruƙi na farko ya hau dutse ya zauna. Na biyu ya matso har ana jin zagin mutanensa, sai aka harbe igiyar da ke riƙe da shira'insa, sandar ta faɗo musu a ka.

Wa ya harbe igiyar? Nan ne shayi ke hucewa. Mahaifina ya ce shi ne. Baffa ya ce mutumin da ya rufe ido biyu kafin ya ja kunama ba ya harbe komai sai sararin Allah.

Washegarin maganar maigidana, mahaifina ya tara mu ya ce za a shirya gidan yadda ake shirya jirgi. Na yi dariya, don na ɗauka wasa ne. Ba wasa ba ne. Ya ce kafin faɗa kowa yana da wurin tsayuwarsa, kuma ana maimaitawa har ƙafa ta san hanya ba sai kai ya tuna ba. A jirgi akan sa mai kaifin ido a saman itacen shira'i, to ni ce mai kaifin ido, wurina saman soro wajen shanya. Wata maƙwabciyarmu mai sayar da gyaɗa a bakin lungu ta yarda ta zama ta gaba: in ta ga mota ta tsaya a titi, za ta ɗaga murya ta yi tallan gyaɗa mai gishiri, ita da ba ta taɓa sa wa gyaɗarta gishiri ba. In na ji, sai in shanya jan zane in buga bokiti. Baffa kuma ya bi ta bayan madafa, ya taka akwati, ya tsallaka gajeren bango zuwa ɗakin ajiyar gawayi na maƙwabta, su masu takardu ne tun kakanni. Mahaifina ya ce lungunanmu su ne duwatsun murjaninmu, mota ba ta shiga, kuma baƙo ba ya gane su.

Har nan da hankali a ciki, na yarda. Sauran ne suka kusa haukata ni. Ya ce a kwashe duk abin da ke tsakar gida, don a jirgi ba a barin ko buta a inda mutane za su yi gudu. Ya ce da an ji bokiti a kashe wutar girki, don wuta a jirgin katako ta fi abokin gaba. Sau nawa shinkafata ta kwana rabi ɗanya saboda gwaji! Ya sa aka jera bokitan ruwa a gindin bango. Ranar da na fito na tarar ya barbaɗa yashi a dandamalin da na gama wankewa, sai da na ajiye tsintsiya na riƙe ƙugu.

Na ce, "Baba, wannan kuma na mene ne?"

Ya ce, "Don kada ƙafa ta zame, Uwata. Jini santsi gare shi."

"Jinin wa, don Allah? Askarawa ne fa, takarda suke tambaya."

Baffa daga kan tabarmarsa ya ce, "Ƙyale shi, ya binti. Shekara da shekaru yana son zama nahuda, yau Allah ya ba shi jirgin da ba ya motsi."

Na ƙarshe a cikin shirin shi ne yafiya. Mahaifina ya ce a sambukinsu, in an gama komai, an jiƙa shira'i don kada ya kama wuta, an rataya ɗanyun fatu a gefen jirgi, an ba kowa dabino da kurɓin gahawa don ba a shiga faɗa da cikakken ciki, sai nahuda ya ce a yafi juna. Kowa ya bi kowa ya kama hannunsa ya ce, "Ka yafe mini," a amsa masa, "Na yafe, ni ma ka yafe mini." Ba a barin mutum ya tsaya kusa da wanda yake riƙe da shi a zuciya, don a lokacin da ya kamata ya miƙa hannu zai yi jinkirin ƙiftawar ido, kuma wannan ya isa. Wanda ya mutu kuma ya tafi ba nauyin kowa a kansa.

To haka muka koma yi kowace safiya bayan karin kumallo. Ranar farko abin ya yi mini nauyi a zuciya. Amma abin da ake yi kullum ba ya daɗewa da nauyinsa. Kafin wata ya ƙare, yara suna yi suna dariya, maigidana yana amsawa yana neman takalminsa, ni kuma in Baffa ya ce in yafe masa sai in ce sai ya yabi shayina tukuna. Shi ma ba ya tashi daga tabarma, daga nan yake jefo tasa kamar mai korar kaza.

Sau biyu gyaɗa mai gishiri ta tashi da gaske. Na farko motar ta wuce. Na biyu sun shigo lungun, sun tsaya a gidan da ke kallon namu. Ina saman soro ina ganin Baffa yana ƙoƙarin ɗaga ƙafarsa kan bango, mutumin da aka ce yana hawa igiya da hannu kawai. Ya hau, ya zamo, ya sake hawa. Da ya dawo bayan sun tafi, gawayi ya ɓata masa farar riga, gwiwarsa ta goge, ƙaramar 'yata kuma tana maƙale da zanena, ta jiƙa kanta don tsoro. Ya tsaya ya dube ta ya daɗe. Ranar bai ce komai game da shayi ba, ni kuma na ji tausayinsa har na rasa abin tsokanarsa da shi.

Mahaifina kuwa murna yake yi. Ya ce shiri ya yi aiki, saura a ƙara akwati ɗaya a gindin bango. Ban taɓa ganinsa da ƙarfi irin na kwanakin nan ba tun rasuwar mahaifiyata. Ina jin tsoro, ina kuma jin daɗin ganinsa haka, duka biyun a lokaci guda.

Bayan 'yan kwanaki, wata safiya, Baffa ya yi wanka ya sa rigarsa ta Juma'a alhali ba Juma'a ba ce. Ya ci dabino, ya ƙi burodi. Da lokacin yafiya ya yi, sai ya tashi tsaye, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. Ya dafa kan kowane yaro. Ya kama hannun maigidana da hannu biyu. Da ya zo kaina ina tsugune ina wanke kofuna, ya ce, "Ki yafe mini, 'yata." Na ce, ban ko ɗago ba, "Yau kuma da kwalliya? Na yafe, je ka, kada ka taka mini ruwa." Sai ya ce shayin yau ya yi daɗi. Na ce ashe dai tsufa ya fara gyara masa harshe.

Ya je ga mahaifina a ƙarshe. Mahaifina yana lissafin yadda za a ɗaure akwatin nan na biyu, ya miƙa hannu ba tare da ya juyo ba, ya ce, "Na yafe, na yafe, ni ma haka. Yau ka yi yadda ake yi, da ma haka nake so ku riƙa yi." Har yabonsa ya yi a gaban yara, ya ce su koya.

Babu ɗayanmu da ya gane. Mutum ya yi mana sallama a gaban idonmu, da kalmomin da suka fi kowaɗanne bayyana, muka ɗauka gwajin safe ne. Da a wani gida ne, tsoho ya sa rigar Juma'a ya bi mutane yana neman gafara, da kowa ya tashi tsaye ya tare ƙofa.

Da hantsi mai gyaɗa ta shigo da gudu, ba talla, ba mayafi sosai. Ta ce Baffa ya wuce ta gabanta da ƙunshi a hammata, ya gaishe ta, ya fita titi ya tsaya har motar askarawa ta zo, shi ya ɗaga musu hannu. Ta ji suna tambayarsa inda yake kwana, ya ce a bakin teku, ba shi da kowa a garin nan.

Mahaifina ya nemi bango da hannu ya zauna. Ya ce, "Huri ya sauke." Na tambaye shi me yake nufi. Ya ce in an rutsa jirgi, babu saman iska babu duwatsu, akan sauke huri, ɗan ƙaramin kwalekwalen da ake ja a baya, a sa masa akwatuna kamar na dukiya, mutum ɗaya ya shiga ya tuƙa wata fuska. 'Yan fashi su bi shi, jirgi ya tsira. Wannan bai taɓa faɗa mana ba a duk labaransa, kuma bai sa shi a cikin shirin gidanmu ba. Na tambaye shi ko na cikin hurin yana dawowa.

Sai fushi ya taso masa. "Nahuda ne ke ba da wannan umarni! Wa ya ba shi? Ni ban ba shi ba!" Ya doki bokitan ruwan da sanda har suka kife. "Kuma na ce masa na yafe. Da bakina, ya Uwata. Ko fuskarsa ban duba ba."

Maigidana ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya je wurin da ake tsare su, ya nemi wanda zai tsaya masa, bai samu ba. Baffa ya ƙi ma a ce an san shi. Da aka kira shi ya ga maigidana ta bayan waya, sai ya ce wa askarin wannan wani bawan Allah ne mai ba shi sadaka. Ya karɓi ƙunshin abincin da na aika, ya juya. Za a kai su Bur Sudan da ke hayin teku, daga can kuma a yi yamma da su, zuwa ƙasar da ya bari yana goye, wadda bai riƙe komai nata ba sai harshe.

Da yake maigidana a tashar yake aiki, ya san ranar tashin jirgin. Ya roƙi mai gadi ya bar mu mu tsaya a gefen siton, inda ake hango bakin ruwa. Na riƙe hannun mahaifina muka ratsa tsakanin buhuna da 'yan dako. Jirgin ƙarfe ne mai hayaƙi, irin wanda Baffa ke cewa tukunya ce ba jirgi ba, kuma ya rantse ba zai taɓa hawa ba. Da muka isa an gama shigar da su. Mutane ne cike a saman, sun jeru a jikin ƙarfen gefe, fararen riguna da ƙunshi, ga nisa.

Mahaifina ya ce, "Kina ganinsa?"

Na duba har idona ya yi ruwa. Na ce, "Ban gane shi ba, Baba. Suna da yawa."

Aka kwance igiyoyi, jirgin ya fara ja da baya. Sai mahaifina ya saki hannuna ya matsa gaba, ya tattara muryar da ban san yana da sauranta ba, muryar da ake kira da ita cikin iska, ya yi ihu da Hausa a tsakiyar tashar Jidda.

"Na janye! Ka ji? Ban yafe ba! Wallahi ban yafe ba! Ka dawo ka nema!"

'Yan dako suka tsaya da buhuna a kafaɗa. Wani ya ce, "Miskin," wani ya tambayi maigidana ko bashi ake bin wani a jirgin. Mahaifina bai ji su ba. Ya yi ta maimaitawa, jijiyoyin wuyansa sun tashi, har muryar ta tsage ta koma shaƙewa. Jirgin ya juya hanci ya nufi mashigar da ke tsakanin duwatsu.

Sai na ga fuskarsa ta canja. Ya kamo hannuna da ƙarfi har ya yi mini ciwo. Da ƙyar nake jin abin da yake faɗa. Ya ce, "Teku zai shiga. Tsoho ne. In ya mutu a hanya da wannan a kansa fa? Ba a barin mutum ya tafi haka." Ya buɗe baki ya gwada, babu abin da ya fito sai iska. Ya sake gwadawa. Sannan ya girgiza hannuna ya ce, "Ke faɗa masa, Uwata. Yalla, ki faɗa masa na yafe."

Ni da ban taɓa ɗaga murya a gaban maza baƙi ba, na janye mayafi daga bakina na yi ihu iya ƙarfina. Na ce Baba ya yafe. Na ce mu duka mun yafe, shi ma ya yafe mana. Ina yi ina kuka, har maigidana ya dafa kafaɗata. Jirgin ya riga ya yi nisa, mutanen da ke samansa sun zama farin layi ɗaya.

Mahaifina ya ce, "Ya ji?"

Na ce, "Ban sani ba, Baba."

Ba mu sake samun labarin Baffa ba, ko na rai ko na mutuwa, duk da alhazan da muka yi ta tambaya shekara bayan shekara. Mahaifina bai kai Hajji biyu ba bayan nan. Har ya rasu, tambayar da yake yi mini ita ce wanne nake jin ya isa jirgin, nasa ko nawa. Muryarsa ta fi tawa ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma lokacin da ya yi nasa jirgin yana kusa. Mu biyun mun san haka.